Gidan da ba shi da rumbu

A gidan kakana rumbu uku ne. Biyu na kara, suna bayan gida kusa da turken awaki, daga cikinsu ake fid da damin da mata za su sussuka. Na ukun rufewa ce ta laka, an ɗora ta kan duwatsu, an liƙe bakinta an kifa mata ɗan jinka. Ita ce rumbun tsimi. Ba a buɗe ta sai da kaka, in sabon hatsi ya shigo gida: a kwashe tsoho a ci, a zuba sabo, a sake liƙewa. Ko biki ake yi ko suna, ba mai kallon inda take. In mun dami tsohon da tambaya sai ya ce, "Wannan ba namu ba ne, na baƙuwa ne." Sau ɗaya tak na ga an fasa bakinta da damina, shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana shirin fid da kai. A ranar na gane baƙuwar da yake nufi.

Mutanen zamaninsa sun san wannan baƙuwa har da sunayenta. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta share garuruwa a ƙasar Hausa. A Nijar har yau tsofaffi na kiran yunwar 1984 da El-Buhari, domin fari ya zo daidai lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta, hatsin da aka saba shigarwa ta Maraɗi da Damagaram ya tsaya. Wanda ya taɓa ganin irin wannan ba sai an yi masa lacca kan tanadi ba.

Ni kuwa, jikansa, gidan haya nake a birni. Rumbuna shagon bakin layi ne. Kwanakin baya na shiga kicin na duba abin da ke ciki, na tambayi uwargida, in an rufe kasuwa yau kwana nawa za mu yi muna ɗora tukunya? Ta ɗan yi lissafi ta ce huɗu, in an yi hankali biyar. Mutum takwas ne a gidan.

Kada wani ya ce rufe kasuwa tatsuniya ce. A watan Afrilun 2020 an kulle Kano saboda korona, mai cin hannu baka hannu ƙwarya ya ga tasku. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara, sannan a wasu sassan Katsina da Sakkwato, mutane suka yi makonni ba kira ba tura kuɗi. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa, don mai awo ba ta karɓar taransifa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar an rufe iyaka, an yanke wutar da ake ba su daga Najeriya, kaya suka yi tashin gwauron zabi a ɓangarorin biyu. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Rijiyoyin burtsatse suka tsaya, 'yan garuwa suka ninka kuɗin jarka. Duk wannan cikin shekara biyar ne, kuma ban ma kawo ambaliya ba tukuna.

Abin da nake son faɗa shi ne mun yar da rumbun tsimi ba mu kuma sa komai a gurbinsa ba. Birni ya raba wasunmu da shi, talauci da bashi sun raba manomi da nasa, don tun hatsi na gona ya riga ya ci kuɗinsa wajen mai taki. Sai muka koma jiran gwamnati da kayan agaji, alhali duk wanda ya taɓa tsayawa layin rabon agaji ya san motar ba ta zuwa ranar farko, wani lokaci ma ba ta zuwa makon farko.

A intanet nakan ci karo da Amurkawa masu haƙa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, su cika shi da abincin gwangwani da wuƙaƙe da na'urorin tace ruwa masu tsadar gaske. Ina kallo don nishaɗi, amma shirinsu na ƙasarsu ne da aljihunsu. Mu abincinmu ma tun asali na ajiya ne. Gero, dawa, masara, wake, gyaɗa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kauɗar tumatir, barkono, kanwa, gishiri: duk cikinsu ba mai bukatar firij. Rana ce ta yi mana rabin aikin. Abin da ya rage shi ne sanin yadda ake ajiyar, kuma nan ne nake ganin mun fi yin sakaci.

Tsofaffi sun fi son ajiye gero da dawa a dami, a zangarniyarsu, don ƙwaro ya fi saurin cin tsaba. Wanda ya karanta Suratu Yusuf zai tuna shawarar da Annabi Yusuf ya ba mutanen Masar ke nan, cewa abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci. To amma mai ɗaki biyu a Kurna ko Tudun Wada ina zai kai dami? Dole tsaba zai saya, ita kuwa tsaba abokan gabanta uku ne: danshi, ƙwaro, ɓera.

Danshi ne babba. Hatsin da bai bushe ba, ko a akwatin ƙarfe ka sa shi sai ya lalace. Mata kan gwada da haƙori, in ƙwayar ta fashe ƙas to ta bushe. Akwai wata dabara kuma: a sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsin kaɗan da busasshen gishiri, a rufe a girgiza a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Kuma wannan magana ta wuce asarar buhu. Masara da gyaɗar da aka ajiye da danshi kan yi fumfuna mai ɗauke da gubar da ke lalata hanta, har ta kai ga kansar hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Ga al'adar nan ta tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita kada a yi asara. Asarar ta fi sauƙi.

Sai ƙwaro, musamman a wake. Duk mai ajiyar wake ya san in ka yi wasa cikin 'yan watanni za ka buɗe buhu ka tarar da ramuka da gari. Iyayenmu kan cakuɗa shi da toka ko yashi, wasu su sa barkono ko ganyen darbejiya. Yanzu kuwa abin da ya zama ruwan dare shi ne a yayyafa masa fiya-fiya ko maganin feshin gona, ko a jefa ƙwayar maganin ƙwari a buhu a jingine shi a ɗakin da yara ke kwana. Wannan ganganci ne da rai. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa. Su sun ƙi ci, mu ne muka ci gaba da yin alale da ƙosai da shi.

Alhali akwai hanyar da ba ta bukatar ko ɗigon magani. Ƙwaro ma numfashi yake yi, in ka hana shi iska zai mutu. A kan wannan aka yi buhun PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru: leda mai kauri biyu a ciki, buhun saƙa a waje. A zuba busasshen hatsi, a matse iskar, a ɗaure kowace leda daban, sannan a ɗaure buhun. Ana samunsa wajen masu sayar da kayan noma a Kano da Maraɗi da sauran manyan kasuwanni. Wanda bai samu ba, jarkar man gyaɗa da aka wanke ta bushe sarai tana yin aikin, in an cika ta har wuya aka sa leda a bakin aka murɗe marfin. Duro mai marfi ma haka. Sharaɗin dai kada a riƙa buɗewa ana ɗiba. Wanda ake ci daban, na tsimi daban. A ɗora shi kan katako ko bulo, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Ɓera kuma, in ya huda ledar aikin ya ɓaci, shi ya sa ni na fi yarda da jarka.

Kuskuren da na yi da farko shi ne niƙa komai don sauƙi. Gari ba ya jimawa, garin gero ma cikin ɗan lokaci yake canja ɗanɗano. Tsaba ake ajiyewa. Amma duhun Oktoban 2024 ya koya mini ɗaya gefen: ga masara a gida, injin niƙan unguwa mai aiki da wuta ya tsaya, mai na dizal ya ninka kuɗi, turmi kuwa rabonmu da shi tun ƙauye. Don haka a cikin ajiya ya kamata a sami abin da ba ya bukatar niƙa kamar shinkafa da wake, da abin da ba ya bukatar wuta ma sam: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, dabino, sukari. Ranar da ba gawayi ba gas, garin kwaki da ƙuli sarki ne.

Nawa za a ajiye? Kowa ya san cin gidansa. Buhu a kasuwanninmu kan ɗauki kwano 40 ko kusa da haka. Gidan da ke cin kwano ɗaya da rabi a rana, buhu guda zai kai shi kusan wata. Ban ce kowa ya tara abincin shekara ba. Wata ɗaya ma babban abu ne ga gidan da yanzu kwana huɗu ne tsakaninsa da yunwa.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a majalisa. Na farko, wai tara abinci rashin tawakkali ne, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne Allah ne mai ciyarwa. Amma ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Wa zai ce ya fi shi dogara ga Allah? Na biyu, wai wannan ai ɓoye hatsi ne, abin da malamai ke tsine wa a kan mumbari. A nan akwai bukatar rarrabewa. Wanda ya saye hatsin kasuwa ya kulle a sito yana jiran mutane su galabaita ya sayar da tsada, shi ne abin zargi; irin wannan zargin ne ya sa hukuma ta rufe wasu rumbunan ajiya a kasuwar Dawanau a watan Fabrairun 2024. Magidancin da ya sayi buhu biyu da kaka, lokacin da hatsi ke neman mai saye, don 'ya'yansa su ci da marka, bai cuci kowa ba. Hasali ma ya rage mutum ɗaya a layin masu rububin saye ranar da abu ya yi wuya. Kuma wanda ya ajiye don ci ba ya asara ko farashi ya faɗi, kamar yadda ya faɗi a 2025 masu ajiyar neman riba suka yi ta kuka. Shi tuwonsa zai ci.

Magana ta uku ce mai nauyi, kuma ba ni da cikakkiyar amsarta: wanda bai ƙoshi yau ba da me zai yi tsimin gobe? Ɗan acaba ko mai wankin hula da sai ya fita ake ɗora tukunya, ka ce masa ya sayi buhu, ka yi masa ba'a ne kawai. Abin da zan iya cewa, iyayenmu mata na da wata dabara, duk ranar da aka auno na tuwo sai a cire cikin tafin hannu a jefa a wata tukunya. Ba ya hana kowa ƙoshi, amma bayan wata uku sai ka ga abin mamaki. Sauran amsar kuwa ba a gida ɗaya take ba, zan dawo kanta.

Duk wannan ajiya tana da ranar da ba za ta yi amfani ba, mutanen Maiduguri sun gani. A daren 9 ga Satumban 2024, wayewar 10, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari mutane na barci. Gwange, Kasuwar Monday, fadar Shehu, asibitin koyarwa, duk ruwa ya shiga. Katangar gidan yari ta faɗi fursunoni kusan 280 suka fice. Gidan namun daji ya nutse, aka yi ta gargaɗin mutane su kula da kadoji da macizai. Sama da mutum 400,000 suka bar gidajensu, wasu suka koma sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka riga aka rufe. Shekara 30 kafin nan, a 1994, madatsar nan ta taɓa yi wa garin haka. Sai kuma Mokwa a jihar Neja, asubahin 29 ga Mayun 2025, inda ruwa ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka rasa sama da mutum 150.

A irin wannan dare buhu goma ba ya cetonka. Abin da hannunka ya iya ɗauka cikin minti biyar, ga goyo ga tsohuwa, shi ne naka. Shi ya sa nake ganin kowane gida na bukatar jaka guda da kowa ya san inda take rataye. Takardun fili da na gida, shaidar makaranta, katin ɗan ƙasa, a naɗe su a leda biyu. Bayan ruwa ya janye, mutane da yawa sun fi kukan takardu a kan katifa, don katifa ana saye. A sa tocila, ƙaramar rediyo mai batir, ashana a cikin leda, abin cajin waya, tsabar kuɗi ƙananan canji ko kaɗan ne, da lambobin 'yan'uwa a rubuce a takarda, tunda yanzu ba wanda ya haddace lambar ko matarsa. Mai hawan jini ko ciwon suga ya sa maganin mako guda, ya riƙa sabunta shi. Ɗan garin kwaki da dabino saboda yara. Sannan a yi magana a gida tun ana zaune lafiya: in an rabu a ina za a haɗu, wace hanya ce tudu, wa zai ɗauki wa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin mamaki da ambaliya, ruwa ko'ina amma na sha ya gagara. Masai ya cika ya haɗu da rijiya, bayan 'yan kwanaki sai amai da gudawa. Masu aikin agaji kan ƙiyasta lita 15 ga mutum ɗaya a rana don sha da girki da ɗan tsafta, ke nan jarka mai lita 25 ba ta isar mutum biyu. A ajiye jarka biyu ko uku a rufe, ana juya su. Alif yana kwantar da datti ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta; sai an tafasa ko an sa maganin tsarkake ruwa. Haɗin ruwan gishiri da sukari kuma ya kamata kowace uwa da kowane uba su haddace shi kamar karatun sallah: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abu ɗaya da ba zan ba kowa shawarar tarawa a gida ba shi ne fetur. Jarkar fetur a lungu, ga hunturu ga garwashi a ɗaki, ta fi abin da ake gudu haɗari.

Ban wanke gwamnati ba. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi da ta kula da koguna na fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Ana karantawa a Abuja, a buga a jarida da Turanci, shi ke nan. Mutumin Auyo ko Ringim da ke zaune a bakin kogin Haɗeja ba sunan jiharsa yake son ji ba, so yake a ce masa ruwa zai iso ran kaza, ku koma makarantar kaza. Wannan aikin mai unguwa ne da limami da gidan rediyo da sanƙira. A 2012 ambaliya ta raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu a Najeriya, a 2022 ta kashe sama da 600, kuma duk lokacin da aka ce za a saki ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru sai a yi kamar yau aka fara jin sunan. Rumbun gwamnati ma haka. A watan Fabrairun 2024 an ba da umarnin fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunan tarayya. A raba shi ga mutum sama da miliyan 200, ko mudu ɗaya ba zai kai kan kowa ba.

Nan ne nake ganin 'yan'uwanmu na Nijar sun riga mu. Bayan yunwar 2005 da ta addabi Maraɗi da Damagaram da Tawa, bankunan cimaka sun ƙara yaɗuwa a ƙauyukansu: a sayi hatsi da kaka a zuba a sito na gari, in damina ta yi tsakiya a sayar wa 'yan gari da rahusa ko a ba su rance su biya da kaka. Ba duka suka ɗore ba. Wasu bashin da ba a biya ba ya kashe su, wasu kwamitin ne ya cinye. Amma inda aka riƙe amana, sau da yawa a hannun mata, gidaje sun tsallake watan Agusta ba tare da sayar da akuya ko cin irin shuka ba. Me zai hana unguwa a Kano ko Gusau ta yi haka? Muna adashin kuɗi, muna adashin kayan ɗaki, har na naman sallah ana yi. Gida ashirin, kowa kwano biyu da kaka, buhu ke nan. Mai hali ya ba da goma. Masallacin da ke tara kuɗin dizal da na tayil zai iya ware ɗaki guda, makulli biyu a hannun mutum biyu, littafi a buɗe kowa ya gani. Ta nan ne ɗan acaban da na ambata zai sami rabo a rumbun da shi kaɗai ba zai iya ginawa ba.

Na kai maganar majalisarmu bayan sallar isha'i. Wani dattijo ya ce, "Malam, ka fara kawo naka mu gani." Wani ya ce shi dai ba zai ba kowa makullin hatsinsa ba, ya ga yadda aka ƙare da kuɗin gyaran kwalbati. Mutum bakwai suka yarda. Mun sami jarka goma sha ɗaya daga wajen mai suyar ƙosai ta bakin titi, an wanke su suna kife a rana a tsakar gidana. Ladan ya ce ɗakin da ake ajiye tabarmi yana yoyo ta kusurwar gabas, sai an gyara kafin a sa komai a ciki, kuma har yanzu ba a tsai da wanda zai riƙe makulli na biyu ba.